'Yan Sandan Sa-kai na Birtaniya

'Yan sandan sa-kai na Birtaniya, waɗanda a can ake kira Special Constables, mutane ne masu sana'o'insu da ke ware wani lokaci suna aikin ɗan sanda ba tare da albashi ba. Malamin makaranta ne ko direban bas ko ma'aikaciyar banki, da rana yana wurin neman abincinsa, daren Juma'a kuma ya sa kaki ya fita sintiri. Kowace ɗaya daga cikin rundunoni 43 na yankunan Ingila da Wales tana da nata, haka ma rundunar Scotland da ta 'yan sandan jiragen ƙasa. Doka ta ba su iko daidai da na cikakken ɗan sanda. Suna iya tsayar da mutum su caje shi, su kama shi, su ba da shaida a gaban alƙali. Wannan iko ne ya sa ake tsananta bincike a kan duk mai neman shiga.

Asali

Tun kafin a san ɗan sanda mai albashi, tsaron gari a Ingila nauyi ne da ke kan mazaunansa. Dokar Winchester ta 1285 ta wajabta wa garuruwa su sa masu gadin dare, kuma idan aka yi kururuwar ɓarawo, duk namijin da ya ji dole ya fito a bi sawu. Galibin masu rubuta tarihin rundunar suna kai farkonta ga wata doka ta wajajen 1673, zamanin Sarki Charles na Biyu, wadda ta ba da damar a rantsar da talakan gari ya zama ɗan sanda na wucin gadi idan tarzoma ta tashi. A lokacin ba neman aikin ake yi ba, kiran mutum ake yi, ko yana so ko ba ya so.

Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, amma sauran garuruwa sun daɗe ba su da irinta. Shekarar 1831 ta zo da rikici kan gyaran dokar zaɓe, har aka ƙone gine-gine a Bristol a watan Oktoba. Cikin waɗanda aka rantsar don kwantar da tarzomar akwai injiniyan nan Isambard Kingdom Brunel, yana matashi. A shekarar ce majalisa ta yi dokar da har yau ake ɗauka ita ce tushen rundunar. Ta ba alƙalan gari ikon naɗa 'yan sandan sa-kai idan suka hango fitina, ta ba waɗanda aka naɗa cikakken iko, ta kuma yanka tarar fam 5 ga wanda aka kira ya ƙi zuwa. Fam 5 a wancan zamani kuɗi ne da lebura zai yi makonni yana nema. Ana danganta shigowar tsarin ganin dama da wata doka ta 1835.

Ranar 10 ga Afrilu, 1848

Babu ranar da ake yawan ambata a tarihin rundunar kamar wannan. Turai tana cikin juyin juya hali, an hamɓarar da sarkin Faransa a watan Fabrairu, sai ga ƙungiyar Chartist, mai neman a bai wa kowane namiji baligi ƙuri'a, ta kira gangami a filin Kennington da ke kudancin Landan, da niyyar ɗunguma zuwa majalisa da takardar koke. Hankalin gwamnati ya tashi. Aka kai Sarauniya Victoria tsibirin Wight, aka damƙa tsaron birnin a hannun Duke na Wellington, tsohon janar ɗin da ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo.

Daga nan aka shiga rantsar da mutane ba ƙaƙƙautawa: 'yan kasuwa, akawuna, masu shaguna da yaransu, har da ma'aikatan da iyayen gidansu suka tura. Kowa a ba shi kulki da ƙyallen ɗaurawa a dantse, shi ke nan ya zama ɗan sanda. Yawansu yana da saɓani. An fi ambaton 85,000, wasu kuma sukan kai shi 150,000 ko fiye. A cikinsu akwai William Gladstone, wanda daga baya ya yi firaminista har sau huɗu, da kuma Louis Napoleon, ɗan gudun hijira a Landan a lokacin. Kafin shekarar ta ƙare an zaɓe shi shugaban Faransa, a 1852 kuma ya naɗa kansa sarki.

A ƙarshe dai ba a gwabza ba. Jagoran gangamin, Feargus O'Connor, ya amince a fasa tattakin, aka ɗauki takardar koken a keken doki aka kai majalisa, jama'a suka watse.

Ƙarni na 20

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, 'yan sanda da yawa suka tafi fagen daga, aka yi sabuwar doka aka cike gurbinsu da 'yan sa-kai. Babban aikinsu da farko shi ne gadin madatsun ruwa da tashoshin wuta, don tsoron kada 'yan leƙen asirin Jamus su yi ɓarna. Dokar 1923 ta mai da rundunar ta dindindin. An sake ɗibar su da yawa lokacin yajin aikin gama-gari na 1926, abin da ya bar wa ƙungiyoyin ƙwadago tabon cewa rundunar ta masu hannu da shuni ce. Dokar 'yan sanda ta 1964 ta sa su ƙarƙashin shugaban rundunar yankinsu, kuma daga 2007 ikonsu ya game Ingila da Wales baki ɗaya.

Labarin Ireland ta Arewa daban ne. Rundunar sa-kai ta Ulster, wadda aka kafa a 1920, tana ɗauke da bindiga, kuma kusan duk mutanenta 'yan Furotesta ne. 'Yan Katolika sun zarge ta da nuna bambanci, magoya bayanta suna ganin ita ta kare su daga IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai neman haɗe Ireland. An rushe ta a 1970.

Yadda ake neman shiga

Kowace runduna ke ɗaukar nata, ta hanyar cike fom a intanet, kuma sharuɗɗan sukan ɗan bambanta. Wajibi ne mai nema ya kai shekara 18 kafin a naɗa shi. Ba lallai sai ɗan ƙasa ba, baƙon da ke da izinin zama na dindindin ma yana iya nema, sai dai akan so ya yi shekara uku a ƙasar, don a samu abin da za a bincika a kansa. Akwai sana'o'in da ke hana mutum shiga saboda gudun karo da aikin, kamar soja da ke bakin aiki, da mai gadin ƙofar gidan rawa, da alƙalin gari.

Wanda fom ɗinsa ya wuce zai zauna jarrabawar da ake kawo masa misalan abin da kan faru a bakin aiki, a ga yadda zai yanke shawara, sannan a yi masa tambayoyi baki da baki. Sai gwajin ƙarfin jiki. Ana shata layi biyu tazarar mita 15, mai nema ya riƙa gudu tsakaninsu yana bin ƙarar wata na'ura da ke ƙara sauri a hankali. Matakin da aka daɗe ana nema shi ne 5.4, wato gudun minti uku da rabi da 'yan daƙiƙoƙi. Likita zai duba ido da ji, a yi gwajin ƙwaya, a ɗauki hoton yatsu da samfurin DNA.

Tantance hali shi ya fi cin lokaci, kuma nan mutane da dama kan faɗi. Ana duba ko mutum ya taɓa aikata laifi, a duba na gidansa da waɗanda yake hulɗa da su, a leƙa abin da yake wallafawa a kafafen sada zumunta. Bashin da kotu ta yanke hukunci a kansa ba a biya ba yana iya tsayar da magana, don ana ganin wanda bashi ya yi wa katutu ya fi sauƙin karɓar na goro. Zanen jiki mai nuna ƙiyayya ko zama ɗan ƙungiyar wariyar launin fata irin BNP yana rufe ƙofar gaba ɗaya. Ɓoye ƙaramin laifi a fom ya fi laifin kansa jawo matsala. Daga cike fom zuwa fara horo akan ɗauki watanni.

Horon yawanci da yamma ne da ƙarshen mako, don kada ya ci karo da sana'ar mutum. Ana koyar da doka, da dabarun kare kai, da agajin gaggawa, da yadda ake sa ankwa. Daga nan sai rantsuwa a gaban alƙali, cewa zai bauta wa Sarki da gaskiya da adalci ba tare da son kai ba, a ba shi katin shaida. Ba ya fita shi kaɗai sai ya yi sintiri tare da ƙwararre an tabbatar ya goge.

Aiki da abin da ake samu

Yawancin rundunoni suna neman aƙalla awa 16 a wata. Babu albashi, amma ana biyan kuɗin mota da na abinci, kaki kyauta ne, kuma na Landan suna shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba su biya ba. Tun 2022 suna iya shiga ƙungiyar kare haƙƙin 'yan sanda, kuma an yarda a horar da wasunsu riƙe Taser, wato na'urar da ke kayar da mutum da lantarki. Hatsarin aikin bai san ɗan sa-kai ba: a Yunin 1992 wani ɗan IRA ya harbe Glenn Goodman har lahira kusa da Tadcaster, bayan an tsayar da wata mota.

Yawansu yana raguwa. A Ingila da Wales sun haura 20,000 a 2012, zuwa 2023 kuma ba su kai 7,000 ba. Cikin dalilan da ake kawowa akwai yadda da yawansu suka koma cikakkun 'yan sanda lokacin da gwamnati ta ɗauki sababbin jami'ai 20,000 daga 2019.

A Najeriya

Najeriya ta gaji tsarin daga Turawan mulkin mallaka, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanade shi. A shekarar gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da naira biliyan 13.3 don shirin 'yan sandan al'umma, aka ɗebi matasa daga ƙananan hukumomi. A 2022 wasu daga cikinsu sun yi zanga-zanga kan rashin biya, rundunar ta amsa da cewa aikin tun farko na sa-kai ne.