Ɗaukar direbobi da horar da su a ma'aikatu masu tarin motoci a Najeriya

Ɗaukar direban ma'aikata shi ne tsarin da kamfani, asibiti, makaranta ko hukuma ke bi wajen zaɓo wanda za a damƙa wa mota, a tantance shi, a horar da shi, sannan a ci gaba da sa masa ido. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da wannan fanni. A 2007 ta ɓullo da tsarin daidaita ƙa'idojin kiyaye haɗura a harkar sufuri, wato RTSSS, wanda ya shafi masu motoci biyar ko fiye, ya kuma ɗora musu nauyin yin rajista da kafa sashen kiyaye haɗura a ƙarƙashin jami'i na musamman.

Takardu da lafiya

Ana farawa da lasisi, kuma ajinsa ake dubawa: B na ƙananan motoci ne, G kuwa na tirela da makamantanta. Dole a tabbatar da lambarsa a wurin FRSC, domin jabun lasisi ba ya bambanta da na gaske a ido. Daga nan sai lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da mutum biyu da za su tsaya masa. Sa hannunsu a takarda bai wadatar ba. A je har gidajensu. A kuma kira inda ya baro a tambayi dalilin barinsa.

A asibiti ana auna ganinsa, hawan jini da suga, a bincika ko yana da farfaɗiya, a kuma gwada fitsari saboda tramol da wiwi, waɗanda wasu direbobin dogon zango ke sha don korar barci. Iyakar barasa a jini da doka ta yarda da ita 0.05 ce cikin ɗari, amma ma'aikata mai hankali ba ta lamuntar ko ɗigo.

Gwajin tuƙi

Nan ake gane direba. Gwajin yana farawa tun kafin ya taɓa sitiyari. Gwani zai zaga motar, ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya duba ruwan lagireto da man birki. Sai a nuna masa lambobi huɗun da ke jikin taya a ce ya karanta. Idan an rubuta 2321, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2021, kuma FRSC na ɗaukar taya a matsayin wadda ta ƙare aiki bayan shekara huɗu, ko da zanenta bai suɗe ba.

A hanya, a sa shi ribas a lungu mai matsi, da tashi a kan hawa ba tare da motar ta zame baya ba. Motar ta kasance da kaya, domin motar da babu komai a cikinta tana ɓoye sakacin direba. Gangara ita ce babbar jarrabawa: da yawa sun saba sa giya a firi don tsimin mai, sai nauyin ya koma kan birki shi kaɗai, ya yi zafi, ya daina kamawa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wanda ya yi haka a gwaji, kada a ɗauke shi. A lura kuma da tazarar da yake bari a gabansa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, shi ya sa ake koyar da barin tazarar daƙiƙa biyu zuwa uku, a ninka idan ana ruwa ko hazo.

Horo da sa ido

Sabon direba yakan yi makonni yana bin tsohon hannu kafin a ba shi mota shi kaɗai. Ana koya masa iyakar gudu: a babban titi mai hannu biyu, kilomita 100 ga ƙaramar mota, 90 ga bas, 60 ga tirela da tanka. Tun Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Ana haɗawa da taimakon farko, amfani da tukunyar kashe gobara, da abin da zai yi idan taya ta fashe: ya riƙe sitiyari gam, ya ɗaga ƙafa daga totur, kada ya danne birki farat ɗaya.

Sau da yawa matsalar daga ofis take fitowa. Direban da ake biya gwargwadon yawan sawu zai yi gudu, wanda kuma aka tura daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, aka ce ya juyo washegari, gyangyaɗi zai kama shi komai horon da ya sha. Saboda haka ake sa direbobi biyu a doguwar tafiya, a hana tuƙin dare sai da izini, kuma kowace mota ta kasance da littafin da ake rubuta lokacin fita da dawowa, kilomita da man da aka sha. Jami'in sashen kiyaye haɗura kan gwama littafin da bayanan na'urar bin sawu, kuma duk wanda gudunsa ko takun birkinsa ya yi yawa a mayar da shi horo.