Waiwaye: Mota ta samu hanya a Kano, wurin tsayawa ne ya gagara

Duk wanda ya taɓa nufar Kantin Kwari da motarsa da hantsi ya san isa bakin kasuwar ba shi ne aiki ba. Sai ka iso aikin yake farawa. Ka bi titin IBB a hankali kana leƙen gefe, ka zaga ta Ibrahim Taiwo, ka dawo, ko'ina an riga ka. Inda ba mota akwai tebur, inda ba tebur akwai baro, inda duk babu su kuwa wani ya dasa dutse ko tsohuwar taya, alamar wurin da mai shi. Can sai wani yaro ya ɗago maka hannu: "Alhaji, kawo ta nan." Ka ba shi abin da ya samu, ka shiga kasuwa, rabin hankalinka yana kan atamfar da ka zo saye, rabi yana kan ko 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, za su riga ka zuwa wurin motar.

Tun da motocin hayar da ake kira ta waya suka shigo gari, ana yawan cewa magani ya zo: ka bar taka a gida, ka kira wata, ta sauke ka ta wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai ciwon ya girmi manhajar waya nesa ba kusa ba.

Birnin da ke cikin ganuwa ba don mota aka tsara shi ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu da aka fara ginin badala, har zuwa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kafa kasuwar Kurmi, ma'aunin faɗin lungu shi ne jaki da mangalarsa, ko doki da mahayinsa. Ƙofofin gari ma da gangan aka matse su, don tsaro. Jaki kuwa ba ya neman wurin fakin a titi. Turkensa yana cikin gida, baƙo kuma ya sauke ayarinsa a zango ko a gidan fatoma. Wato tsohon tsarin Kano ya san inda abin hawa zai kwana, kuma ba a kan hanyar jama'a ba ne.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka shiga yanka sababbin unguwanni a wajen badala. Nassarawa ta Turawa ta samu tituna masu faɗi da gidaje masu fili, inda mota za ta shiga ta juya. Sabon Gari da Fagge da kantunan Kwara, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suka samu layuka miƙaƙƙu, amma a matse, don a lokacin manyan motocin gyaɗa da kekuna ake tunani, ba kowane ɗan kasuwa da motarsa ba. Cikin birni kuma aka riƙa fasa masa hanya kaɗan-kaɗan. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe Sabuwar Ƙofa, sauran ƙofofin aka yi ta faɗaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Har a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda aikin titi, abin da ya jawo surutu ba kaɗan ba. An ma taɓa zana wa Kano taswirar ci gaba ta shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wadda aka fi sani da tsarin Trevallion. Garin ya tsere wa takardar tun kafin wa'adinta ya cika.

Motar gida ta fara yawaita ne bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, musamman da kuɗin fetur suka shigo. Ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ma'aikacin gwamnati ya karɓi bashin mota ya sayi 504. Ko a lokacin gefen titi bai yi tsada ba, don masu motar ƙididdigaggu ne. Talaka yana da tasi, wadda ake cusa mutum huɗu a baya, yana da kiya-kiya da Hayis, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran "Bata! Bata!" Abin lura a nan shi ne, haɗuwa a mota ɗaya da wanda ba ka sani ba, kowa ya biya nasa, ba baƙon abu ba ne a Kano. Mun daɗe muna yi, ba mu dai sa masa suna ba ne.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masu tasi suka kasa sabunta motocinsu. Abu biyu suka cike gurbin. Na farko gwanjon motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano, waɗanda suka sa mai matsakaicin ƙarfi ya mallaki mota ko da gidan haya yake zaune. Na biyu acaɓa. Acaɓa tana da laifuffukanta, hayaƙi da karaya da rashin kunyar wasu masu tuƙin, amma ba ta cin wuri. Babur goma za su tsaya inda mota biyu za su cika.

A daidai wannan lokaci garin yake ta fashewa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso, mutum sama da miliyan 2.8. Da yawan sababbin unguwannin awon igiya ne: mai gona ya yanka, ya bar hanyar da ba ta fi kurar ɗan ga-ruwa ta wuce ba, don kowane taku kuɗi ne. Mutum ya gina gida a Kurna ko Ɗorayi, Allah ya buɗa masa ya sayi mota, sai ya tarar ba ta shiga layinsu. Daga nan aka samu wata sana'a da ba a rubuta ta a kowace doka ba. Da dare motoci suna kwana a gidajen mai, da harabar makarantun firamare, da ƙofar masallatai, maigadi yana karɓar na shayi, wani kullum, wani duk wata. Mutanen cikin birni sun fi kowa sanin wannan. Akwai mai motar da sai ya yi tafiyar minti goma a ƙasa kowace safiya kafin ya ga motarsa.

A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati ta kawo babura masu ƙafa uku, jama'a suka laƙaba musu sunan shirin gyaran tarbiyya na lokacin, A Daidaita Sahu. Da farko ba su da yawa. Abin da ya sauya komai shi ne harin da 'yan bindiga a kan babura suka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a watan Janairun 2013, shekara guda bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa a birnin. Dubban matasa suka koma ɗan sahu, masu kuɗi suka yi ta saye suna bayarwa ana kawo musu balas. Ɗan sahu kuwa ba shi da tasha. Inda aka ɗaga masa hannu nan ne tasharsa, ko da tsakiyar shataletale ne, kuma inda ya tsaya ya cinye wurin babur uku. Gefen titin da mai mota yake ganin nasa ne sai ya samu kishiya.

KAROTA, wadda aka kafa a 2012, ita aka ɗora wa raba wannan faɗa, kuma har yau ita ake zagi daga kowane ɓangare. Wani zagin ta cancanta. Amma a yi mata adalci: an ba ta ikon kama wanda ya tsaya ba daidai ba, a garin da kusan babu inda aka shata aka ce nan ne daidai. Ka je titi ɗari ba ka ga layin fenti ko allon da ya ce a tsaya ko kada a tsaya ba. Direba ba ya sanin ya yi laifi sai ya ga an kewaye motarsa. Rikicin hukumar da 'yan sahu ma ya kai ga yajin aiki har sau biyu, a Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 na kullum, da Janairun 2022 kan naira 8,000 na sabunta rajista. Wanda ya ga Kano a waɗancan kwanaki ba zai manta ba. Tituna fayau, ɗalibai da ma'aikata suna ta sayyada, masu motocin gida suna rage wa mutane hanya. A Yulin 2022 aka hana 'yan sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Gwamnatoci kuwa kowace ta zo gada take ginawa. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nassarawa da ta ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, Ganduje ya kammala doguwar gadar Sabon Gari ya yi ta Dangi da ta Hotoro, Abba Kabir Yusuf ya kama Ɗan Agundi da Tal'udu. Ba wanda zai ce ba su yi amfani ba. Amma gada tafiya take sauƙaƙawa. Ta ɗauko ka da sauri ta dire ka a bakin Singa ko Wambai, inda babu wurin ajiye ko da keke. An gina wurin ajiye motoci mai hawa-hawa a Shahuci, sai dai gini ɗaya ba ya ɗaukar kasuwanni biyar, kuma Bakano ba ya son ya ajiye mota inda idonsa ba ya kaiwa. A gefe guda filayen da suke shanye motoci sai ƙarewa suke. Gidan zama ya koma filaza mai shago arba'in ba tare da wurin mota ko biyar ba, katangar makaranta da ta maƙabarta sun koma kwana-shof, duk da akwai KNUPDA da ke ba da izinin gini. Rusau ɗin shagunan Filin Idi a Yunin 2023, da shari'ar da ta biyo baya, wani babi ne na wannan kokawa kan fili a tsakiyar gari.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A takarda titi na gwamnati ne. A al'ada ƙofar gida ta maigida ce. Nan ake shimfiɗa tabarmar zaman makoki, nan ake kafa rumfar ɗaurin aure, nan majalisa take zama bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sahu ya fito har kan kwalta. Wanda ya ajiye mota a ƙofar gidan wani ba tare da sallama ba, ko doka ba ta kama shi ba, unguwa ta kama shi. "Malam, a gyara fakin, mai gidan zai fito" magana ce da ta fi tarar hukuma saurin aiki. Ni ban ga laifin wannan al'ada ba, ita ce ma take hana abin dagulewa a lunguna. Matsalar ita ce mai shago a bakin babban titi shi ma haka ya ɗauki gaban shagonsa.

Cikin wannan yanayi manhajojin suka iso. Uber ta fara aiki a Legas a 2014, Taxify ta biyo a 2016 ta koma Bolt a 2019, daga baya harkar ta hauro Arewa. Amma abin da ya fara koya wa Kanawa da yawa kiran abin hawa ta waya ba mota ba ce, 'yan sahun OPay ne na 2019, da rangwamen da ya sa har waɗanda ba su damu da manhaja ba suka sauke ta. Abin bai yi ƙarko ba, kamfanin ya dakatar da harkar sufuri a 2020. Motocin manhaja sun samu kasuwarsu wajen masu zuwa filin jirgi, da mata masu zuwa biki, da wanda ba ya son shiga Kwari da motarsa. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara musu masu nema ta wani gefen, don da yawa sun jingine motocinsu, ya kuma gasa direbobin ta ɗaya gefen.

Akwai wani nau'in da ake yi a ƙasashen waje wanda bai kafu a nan ba: mota ba direba, ka buɗe ta da waya ko kati, ka tuƙa awa biyu, ka mayar, wani ya ɗauka. An gwada shi a Zurich tun 1948, Zipcar ta fara a Amurka a 2000, car2go a Jamus a 2008. Hujjar masu yinsa ita ce motar gida kusan duk yini a tsaye take, don haka gara gidaje da yawa su yi tarayya a guda ɗaya. Sai dai a wurare da dama da abin ya yi aiki, hukumar gari ce ta ware wa motocin gurabe a bakin titi, kuma ta iya yin haka ne don ta riga ta auna gefen titin ta sa masa farashi. A Amurka tun 1935 aka kafa na'urar karɓar kuɗin fakin ta farko a Oklahoma. Ko da hakan ba kullum ake cin riba ba: shirin Autolib na birnin Paris, da aka fara a 2011, ya durƙushe a 2018. A gida Najeriya, Abuja ta gwada karɓar kuɗin fakin a titi, kotu ta dakatar a 2014 saboda babu dokar da ta tsaya masa. Legas ta kafa hukuma sukutum don wannan aiki.

A Kano, wa zai ware gurbin, kuma daga hannun wa za a karɓe shi? Mai tebur yana biyan wani, yaron fakin yana kai wa wani, mai shago yana ganin haƙƙinsa ne, ƙaramar hukuma tana yanka rasit, jiha tana kamu. Masu cewa Bakano ba zai yarda ya biya kuɗin fakin ba sun manta kullum biya yake yi, da rana ga yaro, da dare ga maigadi, ba rasit ba tabbas.

Motar manhajar ma ba a iska take jira ba. Da lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, direba ya daina yawo yana neman fasinja. Ya sauke ka a Kwari, ya lallaɓa ya nemi inuwa a titin Gidan Zoo ko wajen Asibitin Malam, ya kashe mota, ya kwantar da kujera yana kallon waya. Kafin kira ya shigo, mai shagon da ya tare wa gaba ya aiko yaro ya ƙwanƙwasa gilashi: "Yallaɓai, wai a ɗan matsa gaba, za a sauke kaya."