Wa Ke Ba Da Umarni A Wurin Gobara?

Wani dare cikin hunturu aka kira mu wurin wata gobara da ta kama layin shagunan 'yan katifa. Ni ma'aikacin lafiya ne, aikina duba waɗanda suka ƙone ko suka shaƙi hayaƙi. Abin da na tarar ya fi wutar ba ni tsoro: jama'a maƙil, kuma kowa kwamanda. Wannan na ihun a zuba nan, wancan ya kama mesa yana ja wajen shagonsa, wani dattijo ya tare direban motar kwana-kwana yana zazzaga masa faɗa wai sun makara. Ogan da ya zo da su kuwa ya ɗauki tocila ya zagaya bayan layin. Na ji wani na cewa, "Ku dube shi, dukiya na ƙonewa yana yawo!"

Ba yawo yake ba. A ƙa'idar aikin, babban jami'in da ya fara isowa shi ne kwamandan wurin, kuma kafin a saki ruwa sai ya san abin da ke gabansa. Akwai mutum a ciki? An yanke wutar lantarki? Me aka ajiye a shagunan? Ina iska ta nufa? In wanda ya fi shi muƙami ya iso, ba ya karɓar ragama sai an yi masa bayani baki da baki, a kuma sanar ta oba-oba cewa umarni ya koma hannun wane. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Wannan tsari da wahala aka koye shi. A 1970 wutar daji ta yi kwana 13 tana ci a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta kashe mutum 16, ta cinye gine-gine kusan 700. Da aka zauna bincike sai aka ga kayan aiki ba su ne babbar matsalar ba. Hukumomi ne suka taru kowa da ogansa, kowa da kalmominsa, rediyon wannan ba ya jin na wancan. Daga nan aka shimfiɗa doka: kowane ma'aikaci daga mutum ɗaya tak zai karɓi umarni, kuma shugaba ɗaya ya kula da mutum 3 zuwa 7, an fi so ya tsaya a 5. In aiki ya faɗaɗa sai a raba shi, gaban gini da mai shi, baya da mai shi, wani kuma ba abin da ke kansa sai ruwa, domin tankin mota cikin 'yan mintuna yake ƙarewa.

Akwai wani jami'in da ba za ka gan shi riƙe da mesa ba, sai ka ɗauka zaman banza yake. Shi ke lura da lafiyar ma'aikatan, yana ƙirga wa ya shiga, wa ya fito. In ya ga bango ya tsage ko rufi ya fara lotsawa, yana da ikon tsayar da aikin nan take ko da manyansa na wurin.

Abin da ya fi ƙona wa masu shago rai shi ne su ga an bar nasu yana ci ana jiƙa na maƙwabci. Ba son kai ba ne, malam. Jerin aikin kenan: rai tukuna, sai a tare wa wuta hanya, sannan dukiya. Shagon da ya riga ya kama gaba ɗaya an yi asararsa, ruwan da za a ɓata a kansa shi ne zai hana layi na gaba kamawa.

Haka igiyar da 'yan sanda ke ja su ce kada a tsallaka. Mu a cikinta muke shimfiɗa waɗanda suka ji rauni, ta nan motar asibiti ke fita. Wanda ya tuna Majiya ta jihar Jigawa, inda tankar mai ta faɗi a watan Oktoban 2024 jama'a suka yi dafifi kwasar fetur ta yi bindiga, fiye da mutum 150 suka rasu, ba sai an roƙe shi ya ja baya ba.

To me ake so da kai? Kira da wuri, 112 a Najeriya, 18 a Nijar, ka faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani. Janye mota da teburin da suka toshe hanya. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki. Mu ne muke shan wahalar kankare su daga baya, mai ciwon yana kuka. In kuma ka san wani abu game da ginin, nemi kwamanda ka faɗa masa shi kaɗai, kada ka tsaya kana ihu cikin taro.

A daren nan wani yaro mai sayar da shayi ne ya ratso ya ja rigar ogan, ya ce masa, "Yallaɓai, shago na uku akwai jarkokin fetur na janareta." Ogan ya ɗaga oba-oba ya yi magana sau ɗaya, mutanensa biyu da suka doshi ƙofar shagon suka ja da baya, aka aika a ɗauko kumfar kashe wutar fetur.