Yaya ake shirya filin jirgi a ƙasar da duk duwatsu ce? Tambayoyi da amsoshi kan Butan

Akwai wani bidiyo da ke yawan zagayawa a wayoyi, jirgi na ratsa tsakanin duwatsu yana karkata fiffike hagu da dama, ga gidajen mutane a jikin dutse kamar ka miƙa hannu ta taga ka taɓa rufinsu, can sai titin sauka ya ɓullo jirgin ya miƙe ya dira. Filin jirgin Paro ke nan a ƙasar Butan. Duk wanda na nuna wa sai ya ce innalillahi, me ya kai su gina fili a nan? Tambayar kuwa tana da amsa, ga ta nan tare da 'yan uwanta da aka fi yi min.

Wai ina ne ma Butan ɗin, kuma me ya sa jirgi ya zame musu dole?

Ƙaramar masarauta ce a cikin tsaunukan Himalaya, Chana ta arewa, Indiya ta kudu da gabas da yamma, ba ta taɓa teku ta ko'ina. Mutanenta duka ba su kai miliyan ɗaya ba, wato birnin Kano kaɗai ya ninka su nesa ba kusa ba. Titin mota na farko da ya hau daga bakin iyakar Indiya zuwa Thimphu babban birni sai a farkon shekarun 1960 aka yi shi, kafin nan ƙafa ce da alfadari. Yau ma in ka taso daga Phuentsholing a bakin iyaka za ka ci awa biyar ko fiye kana kwana-kwana a jikin dutse kafin ka isa Thimphu, da damina kuma ƙasa ta zaftare ta toshe hanya, shi ke nan sai an zo da katafila. To ƙasar da take haka, baƙo mai kawo dala da mara lafiyan da za a fitar waje da ɗalibi mai tafiya karatu duk idonsu na kan jirgi.

Me ya sa ba a gina filin a babban birni ba?

Babu wuri. Kwarin Thimphu matsattse ne, jirgi kuwa yana son shimfiɗaɗɗiyar ƙasa miƙaƙƙiya ta kusan kilomita biyu ko fiye, sannan gaba da baya a samu sararin da zai gangaro ya kuma hau ba tare da dutse ya tare shi ba. Kwarin Paro ya ɗan fi faɗi, gonakin shinkafa ne a bakin kogi, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Thimphu. A nan ma'aikatan titi na sojan Indiya suka fara share wurin sauka a 1968, lokacin ma don jirage masu saukar ungulu aka yi shi. Ka ga a irin wannan ƙasa ba gwamnati ce ke zaɓar wuri ba, ƙasa ce ke nuna inda ta yarda, kuma wannan ɗan filin da ya dace da jirgi shi ne dai wanda manomi ke ci da shi, shi ne kuma wanda gari ke son faɗaɗa cikinsa.

To mene ne ainihin wahalar sauka a Paro?

Filin yana sama da teku da mita 2,235, titinsa ɗaya tal mai tsawon mita 2,265, duwatsun da ke kewaye kuwa wasu sun kai mita 5,500. A Kano ko Yamai jirgi tun yana nesa yake saita hancinsa da titi ya yi ta gangarowa a miƙe. A Paro babu wannan. Dole matuƙi ya shiga cikin kwarin ya bi shi yadda ya lanƙwasa, yana lura da alamomin da ya haddace a ƙasa, wancan tudun, wancan gidan, wancan kwanar kogin, ba zai ma ga titin sosai ba sai ya kusa, sannan ya yi karkatar ƙarshe ya daidaita jirgin cikin ɗan lokaci kaɗan. Shi ya sa da ido ake sauka, da rana kawai, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, in gajimare ya rufe kwarin sai a jira ko a karkata zuwa wani fili a Indiya ko Nepal. Mu ma mun san irin wannan, lokacin hunturu in hazo ya turnuƙe Kano ai har soke tashi ake yi, sai dai su nasu hazon akwai dutse a cikinsa.

Sai iska. Da rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, iska kan taso ta bi kwarin da ƙarfi, shi ya sa ake ƙoƙarin yawancin jirage su sauka su tashi da safe kafin azahar. Ka lissafa ka gani, babban fili ɗaya tilo na ƙasa guda, ba dare, yamma ba tabbas, damina ga gajimare, awanni nawa suka rage na aiki a yini? Wannan lissafin shi ne ciwon kan masu tsara harkar jirgi a can, ya fi musu tsawon titin ma.

Kuma ba kowane kyaftin ake bari ya sauka a wurin ba, sai wanda ya yi horo na musamman aka ba shi izini, su kuma 'yan gomomi ne kawai. Kamfanoni biyu na ƙasar ne ke jigilar yau da kullum, Drukair na gwamnati da Bhutan Airlines mai zaman kansa wanda ya fara fita waje a 2013.

Ina ruwan tsayin wuri da jirgi, ba sama zai je ba daman?

Da ruwansa sosai. Duk yadda ka hau sama iska na ƙara sirancewa, fiffike kuwa da iska yake ɗaukar jirgi, inji ma iska yake shaƙa. In ta yi ƙaranci dole jirgi ya ƙara gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, wato yana buƙatar titi mai tsawo a daidai wurin da tsawon ya fi wuyar samu, in aka haɗa da zafin rana abin ya ƙara muni. Mafita ita ce rage nauyi, ko a rage fasinja da kaya ko a rage mai, in aka rage mai kuma zangon ya gajarta. Sannan injiniyoyi ba lissafin ranar lafiya suke yi ba, lissafinsu shi ne in inji ɗaya ya mutu daidai lokacin tashi, shin ɗayan zai iya fitar da jirgin daga kwarin? Jos da muke kira tudu tsayinta wajen mita 1,200 ne, Paro ta kusa ninka ta.

Me zai hana a fasa duwatsun ko a ƙara wa titin tsawo?

An ƙara, ba sau ɗaya ba. A 1990 an tsawaita shi daga kimanin mita 1,400 zuwa kusan 2,000, daga baya aka kai shi inda yake yau. Amma ga kogi a gefe ga tudu a ƙarshe, kuma ko ka samu mita dubu huɗu kwarin da za a bi a shigo bai canza ba, babban jirgi irin wanda ke kwasar alhazai ba zai iya waɗannan kwanonin ba. Dutsen Himalaya kuwa ba tudun da za a kawo bulldoza a ture ba ne.

To yaya suka fara har suka kawo nan?

Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni, don sun bi abin daki-daki, jirgi suke nema wanda ya dace da filin maimakon su ce sai fili ya dace da jirgin da suke sha'awa. An kafa Drukair a 1981, ya fara aiki a watan Fabrairun 1983 da ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ƙirar Dornier 228, kujeru 18, daga Paro zuwa Kolkata ta Indiya. A 1988 suka kawo BAe 146, jet mai inji huɗu da aka san shi da iya gajeren titi. Sai 2004 Airbus A319 ya zo, bayan titi ya ƙaru matuƙa sun goge. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan daga mai kujera 18 zuwa Airbus, kuma a kowane mataki fasinjan ne suka fara yawa sannan aka ƙaro girma.

Akwai wasu filayen a cikin ƙasar?

Akwai uku. Bathpalathang a Bumthang tsakiyar ƙasa da Yongphulla a gabas yankin Trashigang, duka an buɗe su a ƙarshen 2011, duka sama da mita 2,500, sai Gelephu a kudu. Dalilinsu a fili yake, daga Thimphu zuwa Trashigang a mota kwana biyu ne ta kan mashigai masu tsayin sama da mita 3,000, a jirgi kuwa bai kai awa ɗaya ba. Yongphulla darasi ne babba, a kan doron tudu yake, tsohon filin soja ne da aka gyara, an buɗe shi ba a daɗe ba aka rufe a 2013 saboda titin yana da tozo da gangara da ba su dace da jirgin fasinja ba, sai 2017 ya dawo aiki. Gaggawar yanka ƙyalle ta jawo shekara huɗu a rufe. Bankin Raya Asiya ya taimaka da kuɗin gyaran waɗannan ƙananan filaye, jirgi mai farfela ƙirar ATR 42 ne ke zirga-zirga tsakaninsu.

Ni a ganina abin da ya fi taɓa talaka ma shi ne jirage masu saukar ungulu da suka fara aiki a 2015. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama a ƙauyen da sai an yi yini ana tafiya a ƙafa kafin a ga kwalta, ba ginin tasha mai gilasai take buƙata ba, ɗan fili take buƙata kamar na ƙwallo da matuƙin da zai iya shiga kwarin ya kai ta asibitin Thimphu.

Mene ne labarin sabon filin Gelephu da ake ta magana?

Gelephu na can ƙasan duwatsu a bakin iyakar jihar Assam ta Indiya, inda ƙasa ta kwanta, tsayinta daga teku 'yan ɗaruruwan mita ne kawai. A ranar 17 ga Disamba 2023 Sarki Jigme Khesar Namgyel Wangchuck ya sanar da shirin gina sabon birni na kasuwanci a wurin, filin jirgin ƙasa da ƙasa kuma shi ne ƙofarsa. Kamfanin zanen gini na BIG daga Denmark ne ya zana tashar, an fara aiki a 2025, har dubban 'yan ƙasa suka fito aikin gayya na share wurin, ana sa ran buɗewa a 2029 da titi mai tsawon mita 3,000. A nan za a iya sauka da na'ura, a sauka da dare, manyan jirage su zo. Sai dai kowane wuri da nasa, yankin ruwan damina ne mai yawan gaske, kogunan da ke gangarowa daga dutse suna ambaliya su kwaso yashi da duwatsu, giwaye na ratsa dajin, dole a yi magudanai a bar musu hanya. Kuma wanda ya sauka a Gelephu yana son Thimphu har yanzu akwai doguwar tafiyar dutse a gabansa, ko ya sake hawa ƙaramin jirgi zuwa Paro.

In an gama ginin shi ke nan jirage za su cika wurin?

A'a fa, nan ne nake jin tsoro. Ƙasar da ba ta da teku samanta ma a kewaye yake, duk jirgin da zai shiga Butan ta sararin Indiya yake bi, Gelephu kuwa saboda kusancinta da iyaka gangarowar ma sai an haɗa kai da masu kula da sararin Indiya. 'Yan Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 2023 lokacin takunkumi da aka hana zirga-zirgar jirage tsakaninta da Najeriya. Nepal da ke kusa da Butan misali ce, ta buɗe filin Gautam Buddha a Bhairahawa a 2022, ta buɗe na Pokhara ranar 1 ga Janairu 2023 da bashin Chana na sama da dala miliyan 200, gine-gine masu kyau, amma jiragen waje suka ƙi zuwa sai jefi-jefi, ɗaya daga cikin matsalolin shi ne hanyoyin shiga ta sama da suka daɗe suna nema daga Indiya. Bashi kuwa ba ya jiran fasinja.

Butan kuma da gangan take taƙaita baƙi, tun da ta buɗe ƙofa ga 'yan yawon buɗe ido a 1974. Yanzu baƙo na biyan dala 100 kowane dare a matsayin harajin raya ƙasa, an rage ne daga dala 200 a 2023, 'yan Indiya kuma nasu ya fi sauƙi. A 2019 kafin korona baƙin da suka shiga sun ɗan haura dubu 300, da yawansu ma ta mota suka shigo daga Indiya. Su kuwa masu shirin Gelephu suna maganar fasinja miliyan 1.3 a shekara zuwa 2040. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu sabon birnin ne ake fatan ya cike ta, da 'yan kasuwa da asibitoci da makarantu, da layin dogon da Indiya ke shirin jawowa daga Kokrajhar zuwa Gelephu. Kafin nan dai duk mai zuwa Butan ta sama daga Delhi ko Bangkok ko Kathmandu, jirgin safe zai nema, ya kuma bar kwana ɗaya a tsakani in yana da wani jirgin da zai kama a dawowa.