Farcen kanti da sana'arki: me ya sa na wata ke daɗewa, naki ya ɗaga?

Duk wadda ta zauna gabana a shago nan Sabon Garin Zariya, kafin in taɓa hannunta sai na tambaye ta aikin da take yi. Wasu har haushi suke ji, amma amsar ce ke gaya mini tsawon farcen da zan saka mata, ko ma in hana ta. Ga tambayoyin da na fi sha.

Rana ɗaya aka saka mana ni da ƙawata, nata na nan, nawa ya ɗaga. Gam ɗin ne?

Ba lallai ba ne, 'yar'uwa. Yawanci ruwa ne. Farcenki na asali yana shan ruwa ya ɗan kumbura, in ya bushe ya motse, ita kuwa roba ba ta bin sa. Kullum a haka, sai su fara rabuwa daga gindi. Ƙawarki mai zaman ofis a Kongo takan kai mako 2 zuwa 3 kafin ta dawo a cike mata gurbin da farce ya tsiro. Mai abinci a Kwangila, wadda tun asuba hannunta ke cikin wankin wake, ta tuƙa tuwo, ta koma wanke-wanke da Omo, da wuya ta kai haka. Safar hannu ta roba tana taimakawa ƙwarai, in za ki daure.

Ni kitso nake yi, ba na taɓa ruwa sosai.

Taki matsalar gashi ce da mai. Da zarar gefe ya ɗan ɗaga, silin gashi zai shige ƙarƙashi, kina ja yana ƙara ɓamɓare shi. Na sha ganin mai kitso ta dawo da farcen babban yatsa da manuniya a ɓalle, sauran takwas garau. Tela ma haka take fama da allura da fil.

Mai POS ko kwamfuta fa?

Ki saka farce gajere, mai zagayayyen baki. Ki riƙa danna madanni da tsokar yatsa, ba da tsinin farce ba.

Ni nas ce a Shika. Wanne ya dace da ni?

Babu, kuma ba zan ɓoye miki don kuɗinki ba. Ƙa'idar tsaftar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta hana mai taɓa marasa lafiya saka farcen kanti, domin ƙwayoyin cuta na maƙalewa a ƙarƙashinsa ko an wanke hannu. Mai girka wa jama'a abinci ma shawarata ke nan.

Na ga kore-kore a ƙarƙashin nawa.

Danshi ne ya shiga inda ya ɗaga, ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Kada ki ƙara gam a kai, kada ki fizge shi da haƙori. Ki zo a jiƙa shi a cire a hankali, a bar farcen ya sha iska. In akwai zafi ko kumburi, sai asibiti.

Alwala kuma?

Ruwa ba ya ratsa shi ya kai ga farcenki. Shi ya sa da yawa daga cikin masu zuwa wurina suke jiran kwanakin da ba sa salla, su zaɓi na mannawa mai saurin cirewa. In na biki kike so ya daɗe, ga jan lalle nan, ba ruwansa da wanki balle ya ɗaga.