Mene ne ƙwato zafin salansa?

Duk wanda salansar babur ta taɓa lasar masa ƙwauri ya san zafinta ba na wasa ba ne. To wannan zafin daga man da ka saya da sidinka ya fito. A injin mota, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin mai ne kawai ke juya taya. Wani kason lagireto ke zubarwa, saura kuma ya bi hayaƙi. Ƙwato zafi shi ne a tare hayaƙin nan kafin ya bi iska, a sa shi aiki.

Mu a Kumasi mun daɗe muna ganin abin, suna ne ba mu ba shi ba. A Suame Magazine, unguwar makanikai, na ga wani masta ya kwance turbo na tipa, ya miƙa wa yaronsa, ya ce, "Kai, sa yatsa ka juya." Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya, cikin gida mai kama da dodon koɗi. Hayaƙi ke kaɗa ɗaya, ɗayar kuma ta cusa iska cikin inji, mai ya ƙone sosai, mota ta hau tudu da kaya. Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1905.

Inda abin ya fi burge ni shi ne tashar lantarki ta Aboadze, kusa da Takoradi. Injinan gas biyu, kowanne megawat 110, suna fitar da hayaƙi mai tsananin zafi. Maimakon a sake shi, sai a bi da shi ta tukunyar ruwa, tururin ya juya inji na uku, a sami ƙarin megawat 110. Wato 220 ta koma 330, alhali zafin da za a zubar ne ya ba da ƙarin. Wanda ya kwana cikin duhu a unguwar Aboabo lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya san darajar wannan.

Akwai kuma 'yan faranti masu mayar da zafi lantarki kai tsaye, bisa abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821, sai dai wutarsu kaɗan ce, ga tsada.

Dabarar ta fi biya a babban inji mai aiki dare da rana. Shi ya sa nake jin takaici idan na wuce ƙaton janareta na otal yana ta huci, a ciki kuma ana ƙona wata wutar don dafa ruwan wanka. Amma a kula, idan aka matse hanyar hayaƙi, inji zai shaƙe ya ƙara shan mai, don haka aikin na ƙwararre ne.