Allurar Rigakafin Tarin Fuka (BCG)

BCG ita ce allurar rigakafin tarin fuka, kuma har yau ita kaɗai ce aka amince a yi wa jama'a. Sunanta ya fito ne daga Faransawa biyu da suka haɗa ta, likita Albert Calmette da likitan dabbobi Camille Guérin. A Najeriya da Nijar ana yi wa jariri ita da zarar an haife shi, ita ce ke barin ɗan tabon nan a damtse.

Bajamushe Robert Koch ne ya gano ƙwayar cutar a 1882. A 1908, a Cibiyar Pasteur da ke Lille, Calmette da Guérin suka ɗauki ƙwayar tarin shanu suna renonta a kan dankali da aka haɗa da ruwan matsarmamar shanu. Shekara 13 suna sauya mata mazauni, har sau 230, sai da ta yi laushin da ba ta iya sa ciwo amma tana iya tayar da garkuwar jiki. A 1921 aka fara bai wa wani jariri ita a Paris, ta baki, bayan tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa.

A 1930 aka yi mummunan tsautsayi a birnin Lübeck na Jamus: jarirai kusan 250 suka sha rigakafin, fiye da 70 suka mutu. Bincike ya nuna cewa a ɗakin gwajin garin ne maganin ya gauraya da ƙwayar cuta mai rai da ƙarfinta, amma tsoro ya riga ya shiga zukata. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka bazu da yin ta, kuma a 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin shirinta na rigakafin yara.

Wajen ingancinta ne magana ta rabu biyu. Ga ƙananan yara aikinta a bayyane yake: tana rage sanƙarau na tarin fuka da nau'in da ke watsuwa a duk jiki da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ga tarin huhu na manya kuwa, wanda shi ne ke yaɗa cutar, sakamako ba shi da tabbas. Gwajin da aka yi wa matasa a Birtaniya a shekarun 1950 ya nuna kariya ta kusan kashi 80, amma babban gwajin Chingleput a kudancin Indiya, da aka fara a 1968, bai nuna kariya ba. Masana na zargin wasu ƙwayoyi 'yan uwan na tarin fuka da suka yi yawa a ƙasa da ruwan ƙasashe masu zafi, waɗanda jiki kan saba da su tun kafin allura. Abin takaicin shi ne, inda cutar ta fi ta'adi nan ne allurar ta fi rauni.

Amurka ba ta taɓa yi wa kowa da kowa ba. Birtaniya ta daina yi a makarantu a 2005. Allurar tana ba da wata kariya daga kuturta, ana kuma amfani da ita wajen maganin ciwon dajin mafitsara. Ba a yi wa mai raunin garkuwar jiki sosai, domin ƙwayar da ke cikinta rayayya ce.

Ana ci gaba da neman magajiyarta. Wata sabuwa mai suna M72 ta nuna kariya ta kusan kashi 50 ga manya a gwajin da aka yi a Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu, kuma an shiga babban gwajinta a 2024.